Nasiha ga 'Yan'uwa a Kan Ciwon Damuwa da Neman Maganinsa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya halicci jiki da zuciya, ya sanya kowane ɗayansu yana rataye da ɗan'uwansa, ya saukar da cuta kuma ya saukar da magani. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana a cikin ɗariƙa, wannan 'yar takarda ce a kan wani ciwo wanda yake kama muridi kamar yadda yake kama waninsa, shi ne ciwon damuwa, wanda waɗansu ke ce masa ciwon baƙin ciki. Na tsara ta a kan muƙaddima da fasali 6 da kammalawa. Ina roƙon Allah shi amfanar da ita ga wanda ya karanta da wanda aka karanta masa.

Muƙaddima: a cikin dalilin rubuta ta

Ku sani abu biyu suka sa ni rubutun nan, kuma duka biyun suna da nauyi a kaina.

Na farko, wani saurayi ne daga cikin 'yan zawiyarmu, mai ladabi, mai rigon zuwa wazifa. Ya zo mini wata rana bayan magariba ya ce: Malam, ina ja carbi ba na jin kome, ina ji kamar an ɗora mini dutse a ƙirji, barci ya ƙaurace mini, kuma ina ganin Allah ya yi fushi da ni. Ni kuwa a sa'an nan ban san wani abu ba sai abin da na saba faɗi, sai na ce masa gafala ce, ya ƙara istigfari, ya tashi da dare, ya riƙa azumin Litinin da Alhamis. Ya ce to. Ya aikata abin da na ce masa, ya ƙara ramewa, daga baya ya koma ƙauyensu. Bayan wata 2 labari ya zo mana cewa ya rasu ta hanyar da ba na son ambatonta. Aka yi masa salla, muka bar al'amarinsa ga Ubangijinsa mai yawan jinƙai. Har yau ina neman gafara a kan amsar da na ba shi.

Na biyu, bayan wannan da 'yan shekaru abin ya same ni ni kaina. Ba rashi aka yi mini ba, ba asara na yi a rumfata ta yadi ba. Na wayi gari ina farkawa tun tsakiyar dare, barci ba ya komowa har assalatu. Abinci ya zama kamar ƙasa a bakina. Na riƙa ƙirƙiro uzuri don kada in fita zawiya, in an yi sallama da ni sai in ce a ce ba na nan. Wata 7 ina cikin haka, na sha rubutu, an yi mini ruƙiya, na yi hayaƙi, kuma ina ce wa raina ƙabdu ne, zai wuce. Ranar da Shehuna, Allah shi jiƙansa, ya taka da ƙafarsa ya zo gidana, bai tambaye ni wuridina ba. Ya tambaye ni barcina, da cina, da tun yaushe. Ya dubi yadda riga ta yi mini yawa, ya ce: Ƙabdu a zuciya yake sauka, ba ya rage wa mutum tazuge. Kai mara lafiya ne, gobe ɗana zai kai ka asibiti, kuma wannan umurni ne. Da ba don ya ce umurni ne ba, da ban tafi ba.

Fasali na farko: a cikin rarrabe abu 3 da suke kama da juna

Ka sani, ya kai muridi, nauyin zuciya iri 3 ne, kuma wanda bai rarrabe su ba zai ba da maganin wannan ga wancan.

Na farko shi ne ƙabdu, wato ƙuntatar zuciya da ke zuwa wa mai suluki, kishiyar basɗu, wato yalwarta. Malaman hanya sun yi bayaninsu, kamar Imamu Ƙushairi, wanda ya rasu a shekara ta 1072, a cikin Risalarsa. Hali ne da yake zuwa yana tafiya kamar dare da rana. Mai shi yana ci, yana barci, yana zuwa kasuwa, yana sauke haƙƙin iyalinsa, kuma kyakkyawan zatonsa ga Allah yana nan. Ladabinsa shi ne natsuwa da haƙuri har ya yaye.

Na biyu shi ne baƙin cikin rashi, kamar mutuwar ɗa ko karyewar jari. Wannan bai bar annabawa ba. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har ganinsa ya tafi. Shekarar da Nana Hadiza da Abu Ɗalibi suka rasu, masu tarihi suna kiranta shekarar baƙin ciki. Wannan iri yana da sababi bayyananne, yana zuwa yana lafawa, yana raguwa da tafiyar kwanaki da ta'aziyyar 'yan'uwa. Amma wani lokaci yakan daɗe ya yi nauyi har ya juye ya zama na uku.

Na uku shi ne ciwon damuwa, kuma shi ne abin nufi a nan. Cuta ce kamar ciwon sukari da hawan jini, tana taɓa ƙwaƙwalwa da jiki baki ɗaya. Tana faruwa daga haɗuwar abubuwa: gado daga iyaye, da wahalar da ta daɗe, da rashi, da wata cuta ta jiki, da haihuwa ga mata, da shan kayan maye. Wani lokaci kuwa ba a ganin sababi ko ɗaya.

Kada ka zaci wannan rarrabewa sabuwa ce da Turawa suka zo da ita. Abu Zaidi Balhi, wanda ya rasu a shekara ta 934, ya rubuta littafi mai suna Masalihul Abdani wal Anfusi, a cikinsa ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san sababinsa, ana maganinsa da nasiha da gyara tunani, da wanda yake afkowa ba a san sababinsa ba, ya ce asalinsa daga jiki yake, kuma ta jiki ake maganinsa. A zamani kusa da nasa, Ishaƙa ɗan Imrana, likitan Ƙairawan, ya rubuta maƙala sukutum a kan wannan cuta, wadda likitocin da suke kira malihuliya. To ka ga malamanmu sun san ta tun fiye da shekara 1000.

Kuma kada ka zaci kai kaɗai ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a bayaninta na shekara ta 2023 cewa kimanin mutum miliyan 280 ne ke ɗauke da ciwon nan a duniya, kimanin 5 cikin 100 na baligai, kuma ya fi yawa ga mata. In zawiya ta tara mutum 100 a zikirin Juma'a, da wuya a rasa mai shi a cikin sahu.

Fasali na biyu: a cikin alamominsa

Likitoci suna duban alamomi 9, ga su:

Na 1, nauyin zuciya ko ƙunci mafi yawan yini, kusan kullum. Na 2, gushewar daɗin abin da da kake jin daɗinsa, ko zikiri ne, ko hira, ko sana'a, ko iyali. Na 3, canjin ci, ko ya ragu har a rame, ko ya ƙaru. Na 4, canjin barci, ko ya ƙi zuwa, ko a farka tun dare, ko ya yi yawa. Na 5, nauyin jiki da na magana har mutane su lura, ko kuwa rashin iya zama wuri ɗaya. Na 6, gajiya ba tare da aiki ba. Na 7, ganin kai ba a bakin kome ba, da ɗora wa kai laifin da ya wuce kima. Na 8, rashin tara hankali da kasa yanke shawara. Na 9, yawan tunanin mutuwa, ko tunanin cutar da kai.

In 5 daga cikinsu suka taru, a cikinsu akwai ta farko ko ta biyu, suka kai mako 2 suna hana mutum harkarsa, to lokacin ganin likita ya yi. Amma ta 9 ba a jira da ita ko kwana ɗaya.

Tanbihi. Mutanenmu ba safai suke cewa ina baƙin ciki ba. Sukan ce kaina yana zafi, ko wani abu yana yawo a jikina, ko gabana yana faɗuwa, ko ƙirjina ya yi nauyi. Sai a yi ta shan maganin zazzaɓi da na shawara wata da watanni, ciwon kuwa yana nan. In ka ji ɗan'uwa yana yawan irin wannan kuka, ka tambaye shi barcinsa da cinsa.

Tanbihi na biyu, kuma shi ne mafi hatsari ga muridi. Ciwon nan yana sa tufafin addini. Yana ce wa mai shi: kai munafuki ne, an kore ka daga ƙofa, ba a karɓar wuridinka. Sai ya zaci wannan muhasaba ce, alhali kuwa alama ta 7 ce. Ga yadda za ka gane: nadama ta gaskiya tana da zunubi sananne, kuma tana tura mutum ga tuba da aiki. Wadda ciwo ya kawo ba ta da iyaka, ba ta karɓar tuba, tana kwantar da mutum ta yanke masa ƙauna. Na yi wata 7 ina ɗaukar wannan murya gaskiya ce. Da magani ya kama ni sai ta yi shiru, zunubaina kuwa ba su ƙaru ba, ba su ragu ba.

Fasali na uku: a cikin cewa neman likita ba ya warware tawakkali

Ka sani tawakkali aikin zuciya ne, riƙon sababi kuwa aikin gaɓɓai ne, kuma ɗayansu ba ya kore ɗaya. Manomi yana shuka sa'an nan ya jira ruwa daga Allah, ba wanda ya ce shukarsa rashin tawakkali ce. Ya tabbata a cikin Buhari cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya sanar da mu babu wata cuta face an saukar mata da magani. Tirmizi ya ruwaito ya umurci wani mutum da ya ɗaure raƙumarsa sa'an nan ya dogara. Abu Dawuda ya ruwaito cewa da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙasi ya yi rashin lafiya, Annabi ya dafa ƙirjinsa, sa'an nan ya nuna masa Harisu ɗan Kalada, likitan Saƙifawa. Dubi wannan da kyau: hannun da ya fi kowane hannu albarka ya taɓa shi, kuma duk da haka aka tura shi ga mai sanin magani.

Imamu Gazali da kansa ya ba da labari a cikin Munƙizu cewa a shekara ta 1095, yana koyarwa a Bagadaza, harshensa ya ɗaure, abinci ya ƙi shiga, ƙarfinsa ya tafi, abin ya kai kusan wata 6. Likitoci suka duba shi, suka ce abin daga zuciya ya taso ya gangaro ga jiki. Ban ce ciwonsa shi ne ciwonmu ba. Abin lura shi ne bai ɓoye ba, ya bari an duba shi, kuma ya rubuta don na baya. A ƙasarmu ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a shekara ta 1837, ya wallafa littattafai a kan ilmin magani, bai ga hakan ya rage masa daraja ba.

Amma addu'a da ruƙiya ta shari'a, kada ka bar su. Abin da nake hana ka shi ne ka tsaya a kansu kaɗai wata da watanni kana ramewa, kamar yadda na yi. In ƙafarka ta karye kana yin addu'a kuma kana kiran maɗori. To haka nan.

Fasali na huɗu: a cikin abin da za ka tarar wurin likita

Mutane suna tsoron kada a ce sun haukace. Ka sani mafi yawan masu ciwon nan da hankalinsu sarai, ba a kwantar da su, suna karɓar magani su koma gida. Kana iya farawa daga asibitin da ya fi kusa da kai, su kuwa in sun ga bukata su tura ka ga likitan ƙwaƙwalwa. Akwai asibitocin wannan fanni a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, kuma manyan asibitocin koyarwa suna da sashensa, haka babban asibitin Yamai. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Nijeriya, ta maye gurbin tsohuwa ta 1958, tana kare mutuncin mara lafiya da haƙƙinsa.

Likita zai tambaye ka, ka faɗa masa gaskiya duka, har abin da kake jin kunyarsa, domin sirrinka amana ce a wuyansa. Ka tafi da wanda ya san halinka a gida. Ka faɗi duk abin da kake sha, na asibiti da na gargajiya. Yakan sa a auna jini, domin ƙarancin jini, da ciwon sukari, da raunin wani ƙullutu a maƙogwaro, wanda in ya kumbura ake ce masa maƙoƙo, duk suna iya kawo irin alamomin nan.

Magani kuwa iri 2 ne. Na farko magani da zance, wurin wanda ya koyi wannan ilmi. Kuna zama sau ɗaya a mako har 'yan watanni, yana koya maka kama mugun tunani tun yana ƙofa, ka auna shi da hujja, kuma ka koma ga ayyukanka kaɗan kaɗan. Muridi ba baƙo ne ga wannan ba, domin ya saba da tsaron haɗirai masu ɗarsuwa a zuciya. In ciwon mai sauƙi ne, wannan da gyaran zama sukan isa.

Na biyu ƙwaya, ga wanda ciwonsa ya yi nauyi, kamar fuloksetin da satralin da amitiriftilin. Ga sharuɗɗanta, ka riƙe su kamar yadda ka riƙe sharuɗɗan wuridi:

Na farko, ba ka sayenta da kanka a kemis, ba ka karɓar ta wani. Likita ne mai zaɓa, domin abin da ya dace da wannan yana iya cutar da wancan, balle mai ciwon zuciya da mai ciki da tsoho.

Na biyu, ba ta aiki nan take. Takan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin a ga sauƙi. A kwanakin farko wani yakan ji tashin zuciya, ko bushewar baki, ko jiri, ko barci, kuma galibi sukan lafa. In ta taɓa maka sha'awar iyali ka faɗa wa likita, akwai canji. Ni sai a mako na 4 na gane ta fara aiki, ranar da na ji ƙanshin ƙosai daga maƙwabta na ji ina so.

Na uku, in ka ji sauƙi kada ka bari. Ana ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan samun sauƙi, wani ma ya fi haka. Ni na karya wannan sharaɗi: da na ji ƙarfi a wata na 3 sai na ajiye ta, na ce na warke. Kafin wata 2 ciwon ya komo, na koma wurin likita da kunya, muka sake daga farko, na sha shekara guda cur.

Na huɗu, ba a yanke ta rana ɗaya, likita ne ke rage ta sannu sannu. Ba kayan maye ba ce, ba ta bugarwa, amma jiki ya saba da ita, yankewa farat ɗaya yana kawo jiri da rashin barci.

Na biyar, in ka taɓa yin kwanaki ba ka bukatar barci, kana yawan magana da ɓarnar kuɗi, kana jin ka fi kowa, har ma kana jin an buɗe maka abin da ba a buɗe wa waninka ba, to lalle ka faɗa wa likita tun farko. Wannan wata cuta ce dabam mai hawa da sauka, kuma maganinta dabam ne.

Na shida, matasa 'yan ƙasa da shekara 25 a sa musu ido a makonnin farko, in an ga damuwarsu ta ƙaru a koma asibiti da gaggawa.

In azumin Ramalana ya zo, ka tambayi likita ya gyara maka lokacin sha, ka tambayi malaminka hukuncin mara lafiya. Kada ka yanke wa kanka.

Fasali na biyar: a cikin gyaran zama

Magani ba ya tsayawa da ƙafa ɗaya. Ga abu 6 da aka umurce ni da su, na jarraba na ga amfaninsu.

Barci. Baligi yana bukatar awa 7 zuwa 9. Ka kwanta a lokaci ɗaya ka tashi a lokaci ɗaya. Ka bar goro da shayi mai ƙarfi da kofi daga la'asar, ka ajiye waya bayan lisha, ƙailula kuwa ta zama gajera. Raya dare duka ba naka ba ne a wannan hali. Ka tuna Annabi ya ga igiya a masallaci wadda Nana Zainabu take riƙewa in ta gaji da tsayuwa, ya sa aka kwance ta. Ka tuna ya gaskata Salmanu da ya gaya wa Abu Darda'i cewa jikinsa da iyalinsa suna da haƙƙi a kansa.

Tafiya. Masana suna kwaɗaitar da minti 150 a mako na motsa jiki, wato kamar minti 30 a kwana 5. Ni da minti 10 na fara, daga ƙofar gida zuwa bakin rijiyar unguwa. Daga baya na zaɓi masallaci mai nisa don sallar asuba, ina dawowa da hantsi, sai na haɗa tafiya da hasken rana da jam'i.

Abinci. Ka ci a kan lokaci ko ba ka jin yunwa, ko loma 3 ce. Gero da wake da zogale da nono da kifi da 'ya'yan itace, abin da ya sawwaƙa. Ya zo a Buhari cewa Nana A'isha takan sa a dama talbina, wato kunun garin sha'ir, ga mara lafiya da wanda aka yi wa rashi, kuma ta ji daga Annabi cewa tana sanyaya zuciya. To ciyar da mai baƙin ciki sunna ce. Azumin nafila kuwa ka jinkirta shi har ka sami ƙarfi.

Jama'a. Ciwon nan yana son kaɗaici kamar yadda ƙadangare ke son tsagar bango. Wannan ba lokacin halwa ba ne, kuma ban yarda wani muƙaddami ya shigar da mai ciwon nan halwa ba. Ka zo wazifa ko ba ka jin kome, ka zauna a ƙarshen sahu, zaman ma ya isa. Ka zaɓi mutum ɗaya amintacce da za ka riƙa gaya masa halinka ba ɓoyo.

Barin kayan maye. Wani yakan nemi sauƙi a wurin taramol ko kodin ko wiwi ko ƙwayar barci. Suna rufe ciwon awa kaɗan, sa'an nan su bar shi ya fi da. Gwamnatin Nijeriya ta hana maganin tari mai kodin a shekara ta 2018 saboda ɓarnarsa ga matasa. In ka riga ka faɗa ciki ka gaya wa likita, shi ma yana da magani.

Aiki kaɗan mai ɗorewa. Kada ka jira sai sha'awa ta zo, domin a wannan ciwo aiki ne ke riga sha'awa zuwa. Ka rubuta abu ɗaya na gobe: in yi wanka, ko in buɗe rumfa zuwa azahar, ko in gai da gwaggona. Farilla ka riƙe ta, a zaune in tsayuwa ta gagara. Wuridi kuwa ka tambayi muƙaddaminka rangwamen da aka yi wa mara lafiya. Rashin jin daɗin zikiri ba ya nufin ba a karɓa ba. Kuma kada ka yanke babban hukunci, kamar saki ko sayar da gona, har sai ka warke.

Fasali na shida: a cikin haƙƙin mai ciwon a kan 'yan'uwa

Ya ku muƙaddamai, in almajiri ya kawo muku kukan zuciyarsa, ku tambaye shi abu 4 kafin ku ƙara masa adadi: barcinsa, da cinsa, da tsawon lokacin, da ko yana tunanin mutuwa. Kada ku ji tsoron tambaya ta huɗu. Masana sun tabbatar cewa tambayar ba ta sa masa tunanin, sai ma ta sauke masa kaya. In ya ce i, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kai shi asibiti a ranar nan, ko da dare ne. Fiye da mutum 700,000 ne ke rasa ransu ta wannan hanya kowace shekara a duniya, kuma da yawansu da an kai su ga magani da sun rayu.

Kada ku ce masa raunin imani ne. Kada ku ce dubi wane ya fi ka wahala. Kada a ɗaure shi, kada a doke shi da sunan fitar da aljani. Ku zauna da shi, ku raka shi asibiti, ku tara masa kuɗin mota da na magani daga asusun zawiya, ku rufa asirinsa. Zumunci a ƙafa yake.

Ku lura da mata, domin nasu yakan ɓuya a cikin gida. Fiye da 10 cikin 100 na masu ciki da masu jego suna kamuwa da shi. In maijego ta wuce mako 2 tana kuka, ba ta barci ko jariri ya yi barci, tana cewa ba ta iya uwa ba, to kada a ce raki ne, mijinta ya kai ta. In kuwa ta fara rikicewa, tana jin muryoyi ko tana faɗin abin da ba ya nan, wannan na gaggawa ne, ita da jaririn kada a bar su su kaɗai. Haka tsoho da ya daina fita ya daina magana, kada a ce tsufa ne kawai.

Kammalawa

Ya kai ɗan'uwana mai ɗauke da wannan nauyi, na san kana karanta wannan kana cewa kowa zai warke ban da kai. Ni ma haka na ce, kuma wannan zance shi ma daga ciwon yake. Mafi yawan waɗanda suka nemi magani suna samun sauƙi, in na farko bai yi ba akwai na biyu. Yau shekara 9 ke nan ina buɗe rumfata, ina zama a wazifa, na aurar da 'yata, na ga jikana. Ciwon yakan leƙo wani lokaci, na san sallamarsa, sai in koma wurin likita tun bai zauna ba.

Abin da nake roƙonka shi ne kada rana ta faɗi yau ba ka gaya wa mutum ɗaya ba. In kana da muƙaddami ka kai masa wannan takarda ka ce ya karanta fasali na biyu, ka ce masa ni ne. Wanda kuma ya amfana da ita, ina roƙonsa ya sa saurayin nan da na ambata a cikin addu'arsa, ya sa ni ni ma.

Allah shi ba marasa lafiyarmu lafiya, shi jiƙan mamatanmu, shi yaye baƙin cikin masu baƙin ciki, shi gafarta mini abin da na faɗa ba da sani ba. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Ta cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa.